Dodon Tafkin Ayilan da 'Yan Ruwan Yawuri

Da yammacin 18 ga watan Mayun 1960, limaman cocin Katolika uku daga Dablin suna cikin kwalekwale suna kamun kifi a Lough Ree, wani makeken tafki da kogin Shannon ke ratsawa a tsakiyar ƙasar Ayilan. Ruwa ya kwanta luf, ba iska. Can sai ɗayansu ya nuna wa sauran wani abu yana tafe a kan ruwa, tazarar kamar yadi 100: ga kai da siririn wuya sun ɗago, ga wani tozo yana biye a baya. Suka zuba masa ido na 'yan mintoci, ya nutse, ya sake ɓullowa, sannan ya ɓace. Mutanen nan ba yara ba ne, ba kuma baƙin tafkin ba ne, sun daɗe suna zuwa kamun kifi a cikinsa. Da suka koma gida sai suka zauna suka rubuta rahoton abin da suka gani, suka miƙa wa hukumar da ke kula da kifayen koguna da tafkunan ƙasar, jaridu kuma suka yi ta yayatawa.

A Athlone nake zaune, garin da ke gindin wannan tafki, kuma har yau labarin limaman bai mutu ba. Abin da ya sa na ɗauko shi wata magana ce da ta zauna mana a baki a gida, wai Bature ba ya ganin irin waɗannan abubuwa, mu ne duhun kai ya sa muke hango mace mai dogon gashi zaune a kan dutse a tsakiyar kogi. Duk mai faɗin haka bai zauna da mutanen karkarar Ayilan ba. Suna gani, suna firgita, wani ma ya yi makonni barci bai yi masa daɗi ba. Ni ɗan Yawuri ne, a bakin kogin Kwara na tashi, ban kuwa ga wani tsoron ruwa da muke da shi wanda ba su da irinsa ba. Inda muka rabu da su shi ne abin da ake yi washegari, bayan an gani.

Cibiyar waɗannan labarai yankin Connemara ne, can yamma, bakin teku. Ƙasa ce ta duwatsu da dausayi, ga ƙananan tafkuna birjik, ruwansu baƙi wuluk saboda irin ƙasar wurin, wadda suke yankawa su shanya su yi makamashi da ita. A 1954 wata mata mai kula da ɗakin karatu na garin Clifden ta je kamun kifi da abokanta uku a Lough Fadda. Sun fito gaɓa za su sha shayi sai suka hangi wani baƙin abu yana nufo su. Da farko sun zaci mutum ne ke iyo. Da ya matso sai ga tozo biyu, ga baki a buɗe, da ya juya kuma suka ga wutsiya mai reshe biyu. Matar ta ce ta daɗe tana mugun mafarki, kuma ta ɗauki shekaru ba ta sake taka wurin ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai na Lough Nahooin ne, kusa da ƙauyen Claddaghduff. Ranar 22 ga Fabrairun 1968, da yamma liƙis, wani magidanci ya tafi ɗebo makamashi da ɗansa da karensu. Ya ga baƙin abu a cikin ruwa, ya ɗauka karen ne ya faɗa, sai ya yi masa fito. Kare ya zo a guje ta kan tudu, ya tsaya yana haushi yana kallon ruwan. Abin da ke cikin ruwan kuwa ya juyo wajen haushin, baki buɗe. Mutumin ya tura yaron ya kira uwarsa, ta zo da sauran 'ya'yan, su bakwai cif suka tsaya suna kallo har duhu ya kore su. Sun ce tsawonsa zai kai ƙafa 12, fatarsa baƙa sumul, cikin bakinsa fari-fari, ba su ga idanu ba. To tafkin nan fa bai kai a kira shi tafki ba, tsawonsa bai wuce yadi 100 da ɗan wani abu ba. A wajenmu kududdufi za a ce.

Ga abin da aka yi washegari. Wani tsohon hafsan soja, Kyaftin Lionel Leslie, dangin tsohon firaministan Birtaniya Winston Churchill, ya riga ya sa abin a ransa. A watan Oktoban 1965 ya nemi izini ya tayar da nakiya a Lough Fadda don ya razana ko mene ne ya fito. Wani baƙin abu ya yi fantsama a nesa, ba wanda ya gan shi da kyau, hoto kuma bai samu ba. A 1967 ya dawo ya shimfiɗa taru, taru ya fito wayam. Da labarin Nahooin ya ɓulla sai ya tattaro masu farautar dodon Loch Ness na Sikotilan, har da wani farfesa daga Jami'ar Chicago, Roy Mackal, suka ja taru a ɗan kududdufin nan a 1968, aka sake gwadawa a wasu tafkunan yankin a 1969. Ba abin da ya kamu sai ƙananan kifaye.

A ganina babu wata ƙatuwar dabba da duniya ba ta sani ba a tafkunan nan. Mafi yawansu ƙanƙara ce ta haƙa su ta bar su da ta narke, shekara 10,000 da ɗoriya da suka wuce, saboda haka zancen wata halittar zamanin da can da ta ɓuya a ciki bai taso ba. Dabba kuma ba ta rayuwa ita kaɗai shekara ɗaruruwa. Sai da uwa da uba da 'ya'ya, sai da abincin da zai riƙe su, kuma wata rana dole gawa ta taso. A Loch Ness, wanda ya ninka waɗannan zurfi nesa ba kusa ba, wani masani daga Jami'ar Otago ta New Zealand, Neil Gemmell, ya ɗebi ruwa wuri-wuri a 2018 ya auna burbushin ƙwayoyin halitta da duk mai rai ke zubarwa a inda yake zaune. Bai sami alamar dangin kada ko ƙadangare ba ko ɗaya. Abin da ya samu jingim shi ne alamar wani dogon kifi mai santsi, mai siffar maciji, wanda ɗan Yawuri zai ce ɗan uwan gaiwa ne.

Kifin nan abin mamaki ne shi kansa. A tekun Sargasso ake haihuwarsa, can kusa da Amurka, ya ratso tekun Atilantika yana ɗan mitsitsi, ya shiga kogunan Turai ya yi shekaru yana girma, sannan ya koma inda aka haife shi ya hayayyafa ya mutu. Da dare, in ciyawa ta jiƙe, yana iya jan ciki ta tudu daga wannan ruwa zuwa wancan. Tsofaffin Connemara kuwa ba su taɓa cewa dabbar zamanin da suke gani ba. Cewa suke akwai irin wannan kifi da ke girma ya wuce misali, mai kai irin na doki, har da geza. Baƙin da suka zo da taru da kyamara su ne suka taho da dogon wuyan Loch Ness a cikin kawunansu, wanda jaridu suka fara yayatawa a 1933, wanda kuma shahararren hotonsa na 1934 aka gano a 1994 cewa abin wasan yara ne aka ɗora wa kai. Ga kuma karen ruwa, wanda Ayilan ke da shi da yawa. Uwa da 'ya'yanta in suka jeru suna iyo a lokacin da rana ke faɗuwa, tozo uku za ka gani da kai ɗaya.

Duk da haka ban ce iyalin nan na Nahooin ƙarya suka yi ba, ban kuma ce limaman sun yi ba. Wani abu suka gani. Sai dai ido ba ya aiki shi kaɗai, abin da kunne ya sha ji tun ƙuruciya yana taya shi. Shi ya sa a Yawuri ba a ganin dogon wuya da tozo, a Connemara kuma ba a ganin mace tana taje gashi a kan dutse da rana tsaka. Kowa abin da kakarsa ta ba shi labari yake gani.

Su kuwa kakanninsu sun ba su da yawa. Akwai dokin ruwa, wanda ke fitowa daga tafki ya yi kiwo da dawakin gari. Manomi ya kama shi ya sa masa linzami ya yi ta noma da shi, ba dokin da ya kai shi ƙarfi, amma ranar da ya hangi ruwa sai ya zabura da mahayinsa su faɗa ciki, sai dai a ga hanta ta taso. Akwai kuma ƙaton macijin tafki, wanda kusan kowane waliyyinsu na farkon Kiristanci sai an ce ya kara da shi. Patrick, wanda ya kawo musu addinin a ƙarni na 5, an ce ya yi artabu da ɗaya a Lough Derg na yankin Donegal har jini ya rina ruwan, kuma har gobe mutane na zuwa tsibirin da ke tsakiyar tafkin su yi kwana uku ba takalmi, suna azumi da addu'a. Senan a ƙarni na 6 ya kori wani daga tsibirin Scattery a bakin Shannon kafin ya gina wurin ibadarsa. Abin dariyar shi ne ƙasar ba ta da maciji ko na magani. Kada ma babu, amma wani malamin tarihinsu, Roderic O'Flaherty, ya rubuta a 1684 cewa akwai wata dabba a Lough Mask da ta cafke wani mutum ta ja shi ruwa ya ƙwaci kansa da wuƙa, ya kuma kira ta kadan Ayilan.

Bahaushe ba sai an yi masa bayanin wannan salo ba, ya san rijiyar Kusugu. Maciji ya tare ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya sauka da dare, ya sare kansa, ya auri Daurama, sabon zamani ya kankama. Amma akwai bambanci ɗaya da nake ganin ya yi tasiri. Bayajidda yanka ya yi, ya tafi da kan, magana ta ƙare, ba wanda ke zuwa Daura yau yana leƙen rijiya ko macijin zai ɗago. Waliyyan Ayilan kuwa a labarai da yawa ba su kashe ba, ɗaurewa suka yi, suka ce wa abin ya zauna a ƙasan tafki kaza har tashin kiyama. Yaron da ya tashi da jin cewa abin yana nan a ƙasa a ɗaure, in ya girma ya ga ruwa ya motsa da magariba, ya riga ya san sunan da zai ba shi.

Na je maƙabartar Conwal a kwarin Glenade, yankin Leitrim, don in ga wani dutsen kabari da ake yawan zancensa. A kwance yake a ƙasa, ruwan sama ya cinye rubutun sai ka durƙusa ka bi da yatsa. Shekarar da ke jiki 1722 ce, mai kabarin kuma Grace Connolly. A jikin dutsen an sassaƙa wata dabba mai jikin kare da doguwar wutsiya, ta lanƙwasa wuya baya, ga hannun mutum ya soka mata makami. Labarin da ake bayarwa shi ne matar ta je wanki bakin tafki ba ta dawo ba, mijin ya bi sawu ya tarar da gawarta, dabbar da suke kira dobhar-chú tana kwance a kanta tana barci. Ya kashe ta, kafin ta mutu ta yi wata ƙara, abokiyar zamanta ta fito daga ruwa ta bi shi yana gudu a kan doki har cikin yankin Sligo, inda ya yi dabara ya kashe ta ita ma. Ni dai da nake durƙushe a wurin abin da ya zo mini shi ne, mace ta mutu a bakin ruwa, kuma a labarin mutum ɗaya ne ya fara isa wurin. Da a yau ne, da shi 'yan sanda za su fara yi wa tambayoyi. Allah kaɗai ya san abin da ya faru. Amma shekara 300 ke nan sunanta da ranar mutuwarta da wurin suna nan a rubuce.

Sai dai in za a yi adalci, tsoron nasu mai araha ne. Ruwan Ayilan sanyi ne kawai ke kisa a cikinsa, ba abin da ke cizo. Namu yana da haƙora. Dorina tana kifar da kwalekwale a Yawuri, kada yana ɗauke mai wanki, ga ayu wanda ba ya cutar da kowa amma in ya ɗago kai da dare ya yi numfashi, wanda bai san shi ba sai ya rantse mutum ya gani. Saboda haka da tsohuwa ta ce kada a je gulbi da tsakar rana ko bayan magariba don 'yan ruwa na fitowa, ko ba 'yan ruwa akwai abin da ke fitowa. Sarkawa da Sarkin Ruwa ba tatsuniya kawai suke riƙe da ita ba, sun san inda ruwa ke juyi, sun san inda dorina ke da ɗa. Ko a Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, ba mai faɗawa kogin Matan Fada sai masu ruwan sun ba da izini. Namu labarin ya fi nasu tushe. Abin takaicin shi ne su suka adana nasu.

A 1935 gwamnatin Ayilan ta kafa hukumar tattara al'adun baka, ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga. Ma'aikatanta suka bazu ƙauyuka a kan kekuna da na'urar naɗar murya. Sai a 1937 suka yi abin da har yanzu in na tuna nake jin kishi. Suka sa 'yan firamare aiki: kowane yaro ya je wurin kakansa ko tsohon unguwarsu ya tambayo labarin rijiyoyi da tafkuna da magunguna da aljanu da yunwar da aka yi, ya rubuto. Yara sama da 50,000 daga makarantu 5,000 suka yi wannan aiki, aka tara shafi kusan 740,000. Suna nan a wata jami'a a Dablin, an kuma ɗora su a intanet. Ina buɗewa in karanta in dare ya yi. Rubutun yara ne da tawada, wani a miƙe wani a karkace, wani wurin an soke kalma an gyara. A ƙasan labarin sai ka ga sunan yarinyar da ta rubuta, da sunan tsohon da ya faɗa mata, da shekarunsa, da ƙauyensu. Sa sunan tafki kawai, sai labaran dokin ruwansa su fito.

Kada a ce don suna da kuɗi ne. Ayilan ta 1937 matalauciyar ƙasa ce, shekararta 15 da fita daga hannun Ingila, samarinta na ta guduwa ci-rani. Kada kuma a ce don ba su damu da addini ba ne. A lokacin limaman coci ne ke riƙe da akalar yawancin makarantun, kuma ba su ga cewa rubuta labarin dokin ruwa zai fitar da yaro daga addininsa ba.

Mu fa? Babban kundin tatsuniyoyi da labaran Hausa na farkon ƙarnin da ya wuce, wanda malaman Sakkwato suka rubuta da ajami wani jami'in mulkin mallaka Frank Edgar ya tattara, a Belfast aka buga shi, littafi uku, tsakanin 1911 da 1913. Wato a wannan tsibirin da nake zaune, tafiyar 'yan sa'o'i daga ƙofar gidana. Sunan Baturen ne a bango. Daga baya irin su marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya sun yi ƙoƙari ƙwarai, ɗaliban sashen Hausa kuma sun rubuta kundaye masu yawa da ke jibge a jami'o'i. Amma aikin gayya na ƙasa baki ɗaya, wanda za a ce wane ɗan wane mai shekara kaza a ƙauye kaza shi ya faɗi wannan, ba mu yi ba. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, shekarar da ake jan taru a kududdufin Nahooin, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka, aka tashi mutum sama da 40,000. Kowane dutse da kowane gurbi a wannan yanki yana da suna da labarin abin da ke zaune a cikinsa. Waɗanda suka san su da ido yanzu sun haura shekara 70.

Kunya biyu ce ta hana mu. Ɗan boko yana jin in ya rubuta zancen 'yan ruwa za a ce bai waye ba. Ustazu yana jin in ya saurara ya taɓa shirka. Ni Musulmi ne, na yi imani da aljanu domin Alƙur'ani ya ambace su, sura guda ma aka saukar da sunansu. Amma imani da samuwarsu daban, yarda cewa duk motsin da ruwa ya yi su ne daban. Littafin da ya ce akwai su shi ne ya ce in an zo mana da labari mu bincika. Rubuta abin da kakarka ta ce kuma ba yanka wa ruwa baƙin bunsuru ba ne. Malaman da suka rubuta wa Edgar tatsuniyoyin Gizo da Dodo a birnin Shehu ba su fi mu ƙarancin tauhidi ba.

Wani abin haushin, labarin da muka ƙi rubutawa a takarda mun bar shi yana aiki a inda ya fi cutarwa. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ɗauke da mutum sama da 150, ya tarwatse a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, wani ya kife da 'yan Islamiyya, aƙalla 29 suka rasu. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: tsohon jirgi, lodi fiye da kima, ba rigar kariya, ga tafiyar dare, a tafkin Kainji kuma ga kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun 1968. Amma shiga zauren gaisuwa ka ji. Ruwan nan ai duk shekara sai ya ci mutum. Masu ruwan ne suka karɓi rabonsu. Da an faɗi haka sai kowa ya yi ajiyar zuciya, mai jirgi ya huta, wanda ya kamata ya hana lodin ya huta.

Bayan abin da ya faru a Wara na kira kawuna, wanda ya tsufa a kan ruwa. Na ce, "Kawu, mutane na cewa 'yan ruwa ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, 'yan ruwa suna nan, ni ba mai gaya mini babu su. Amma ba su suka loda jirgin ba. A zamaninmu in Sarkin Ruwa ya dubi bakin jirgi ya ga ya kusa shan ruwa, cewa zai yi wane da wane ku sauka, kuma a sauka. Yanzu wa ke jin maganar wani in ga kuɗi?" Shi da ya yarda da su bai ɗora musu laifi ba. Masu ɗorawar galibi ba su taɓa riƙe filafili ba.

A nan, duk inda jama'a ke kusantar ruwa, bakin Shannon a tsakiyar Athlone ko mashigar Lough Ree, za ka ga sanda da akwati ruwan ɗorawa, a ciki ga taya ta ceto da doguwar igiya, a jiki an rubuta gargaɗi cewa wanda ya sace ta rai ya sace. Doka ta wajabta wa mai ƙaramin jirgi rigar kariya. In mutum ya nutse sai an zauna zaman bincike an faɗi sababi a rubuce. Kuma mutanen da ke yin wannan su ne dai waɗanda a 1999, da za a yi babbar hanya a Latoon ta yankin Clare, wani mai ba da labaran gargajiya Eddie Lenihan ya tashi ya ce akwai wata 'yar bishiyar ƙaya da aljanu ke taruwa a gindinta, aka yi ta muhawara, ƙarshe aka bar bishiyar a tsaye hanya ta bi ta gefenta. Tambayi ɗan Ayilan ko ya yarda da aljanu, zai yi dariya ya ce a'a. Miƙa masa gatari ka nuna masa bishiyar, sai ya tuna yana da uzuri. Camfi bai bar su ba. Sun dai hana shi shiga inda ake ƙirga fasinja.

Ba komai nasu ne ke burge ni ba. Dodon da ya hana kakanninsu barci yanzu ya zama zane a jikin riga da kofin shayi, ana sayar wa 'yan yawon buɗe ido daga Amurka. Shi kuwa dogon kifin nan, wanda watakila shi ne asalin rabin labaran, yana ƙarewa. 'Ya'yansa da ke isowa Turai sun ragu da sama da kashi 90 cikin 100 tun wajen 1980, madatsar lantarki ta Ardnacrusha da aka gina a kan Shannon a 1929 ta tare masa hanya, har a 2009 gwamnati ta hana kamun sa. Mu ma haka muke yi wa ayu, ana kashe shi don mai da sauran abin da masu magani ke nema, alhali ana ta ba da labarin matar ruwa.

Aikin 1937 bai fi ƙarfin kowace jiha a Arewa ba, ko ma ƙaramar hukuma ɗaya. Su da tawada da fitilar kananzir suka yi, mu ga waya mai naɗar murya a kusan kowane gida. Zango ɗaya na karatu ya isa. 'Yan aji biyar da shida na firamare da 'yan Islamiyya a Yawuri da Ngaski da Argungu da Haɗeja da Nguru da Baga, har Gaya ta Nijar, kowa ya je wurin tsoho ko tsohuwa ya tambayo: ina ne a ruwan nan aka ce kada a shiga, me aka ce yana ciki, wane wata ya fi ci, wa ya taɓa gani, wa ruwa ya ci a wurin, a wace shekara. A rubuta yadda aka faɗa, ba gyara ba wa'azi, a sa sunan mai faɗa da shekarunsa da garinsu. Malamin Hausa ya ɗauki nasa, malamin tarihi ya ɗauki nasa. Mai kula da sufurin ruwa shi ma ya karɓi kwafi, domin ina da yaƙinin wuraren da tsofaffi za su ce gidan 'yan ruwa ne, yawancinsu su ne gurabu masu zurfi da inda ruwa ke juyi da inda kututture ke ɓoye, kuma a nan ya kamata a fara kafa alama da tayar ceto.